Naƙudar Sakinatu da Aka Ɓoye Mini

Sabha, Libiya

Yaya Inuwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Ya damina a Tsanyawa? Ni lafiya lau, aikin ginin ne dai ya tsaya, amma ba ma kwana da yunwa.

Yaya, raina ya ɓaci. A bakin baƙo na ji cewa mai ɗakina Sakinatu ta kumbura, jininta ya hau, kuka ajiye ta a ɗaki kuna ba ta jiƙo, wai ragwanci ne. Sai da ta fara jijjiga aka kai ta asibiti, aka ɗaura mata ruwan naƙuda, ta haihu da ƙyar. Ni kuwa kullum na kira sai ka ce, "Kowa lafiya." Haba Yaya! Da ta mutu fa, me za ka gaya mini?

An ce maƙwabciyarmu Gwaggo Fadima ce ta tsaya a zaure, ta rantse ba za ta gusa ba sai an nemo mota. Allah ya saka mata da Aljanna. Don Allah kada a sa Sakinatu daka ko ɗiban ruwa. Jaririyar kuwa, ko wane suna kuka raɗa mata, a wurina Fadima ce.

Ƙaninka,
Mati