Wasiƙar Mirna Bayan Faɗuwar Odil

Mama,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Baba? Ya sanyin garinmu Bsharri?

Ina lafiya, barci ne dai babu. Jiya a gasar duniya ta zamiyar ƙanƙara aka haɗa ni da Odil, 'yar Faransan da muke ɗaki ɗaya. Bibbiyu ake sakin mu, mu gangaro daga kan dutse tsakanin tuddan ƙanƙara. Ta ce, "Mirna, yau bayana kawai za ki gani." Muna cikin gangarowa ta yi tsalle, ta sauka da ka. Ni na wuce, ana tafa mini.

Likita ya ce ƙafafunta ba sa motsi.

Gobe zan sake hawa dutsen. Ki kunna mini kyandir a coci, ki kunna mata biyu.

'Yarki,
Mirna