Na ɓoye wa maigidana Larabcin kwamfuta har aka sallame shi

Assalamu alaikum masu wannan shafi. Ku ɓoye sunana, kuma don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, domin na riga ku ƙyamar kaina.

Ni makanike ne a wani gareji a Jidda. Wanda ya kawo ni wurin dattijo ne, Bahaushen Sudan, zan kira shi Baba. A unguwar Balad ya tsince ni ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, ya tsaya mini wajen kafilinsa mai garejin, ya koya mini aiki da kwamfutar da muke jona wa mota ta nuna abin da ke damunta. Mu biyu kaɗai muke taɓa ta. Baba ba ya karanta komai sai Larabci, ni kuma na yi sakandare a gida, ina karanta Turanci.

Bara kafili ya ce aiki ya ragu, zai sallami mutum ɗaya. Na san ni ne. A makon aka sabunta manhajar kwamfutar, sai rubutunta ya koma Turanci. Baba ya miƙo mini ya ce in duba masa. Na shiga wajen zaɓen harshe, ga Larabci nan a jere, dannawa uku kawai. Na fita, na ce masa sabuwar ba ta zo da Larabci ba. Bai yi musu ba, don me zai zarge ni? Daga ranar, mutumin da ya shekara talatin a wannan sana'a sai ya tsaya gaban masu mota da kwamfuta a hannu yana jira in karanta masa. Wani lokacin ma da gangan nake jan ƙafa, don kafili ya gani. Ya kuwa gani. Baba aka sallama.

Ya koma zaman gida a unguwar Ruwais, wata biyu da suka wuce Allah ya yi masa rasuwa. Na san ajali ne. Amma da ni aka ɗauki makararsa, kuma a wajen ta'aziyya iyalinsa suka ce kullum yana sa mini albarka, wai ni ne idonsa. Na zauna ina amsa amin. Wane irin mutum ne yake iya wannan?

Yanzu kafili ya ɗauki babban ɗan Baba, magidanci mai 'ya'ya huɗu, gwajin wata guda. Shi ma Larabci yake karantawa. Jiya ya ce mini, "Ɗan'uwana, Baba ya ce kai ka san kan abin nan. Da gaske babu hanya? In babu, halas, shi ke nan, sai in haƙura."

Na ce zan duba. Ina iya mayar da Larabcin in ce yanzu aka saka shi, ya tsira da aikinsa, ya yi ta yi mini godiya shi ma. Wannan godiyar ce ba zan iya ɗauka ba kuma. In na faɗa masa gaskiya, zai san dalilin da mahaifinsa ya ƙare kwanansa a zaune. Gobe da safe zai sake tambayata.

Me zan yi?