Iri Ya Kama

Asabar, 4 ga Mayu 2024

Yau ban sayar da tabarma ko ɗaya ba, kuma ban damu ba. Mahamud ya aiko da murya a waya, ya ce iri yana ta yin ƙwari. Na saurara har matata Salamatu ta ƙwace wayar ta ce zan cinye mata caji. Ɗa namiji ɗaya Allah ya ba mu, ya tafi ƙasar Turawa binciken hatsi, ya auri Raliya ya ɗauke ta, shekaru shiru. Yanzu ga shi. Ban gaya wa kowa a Zango ba. Gambo maƙwabcin rumfata ya ce, "Malam Inusa, wannan murmushi na mai shirin ƙara aure ne." Na ce ya ji da goronsa.

Litinin, 13 ga Mayu

Raliya ta kira tana kuka. Jami'an tsaro sun zo wurin aiki sun tafi da Mahamud, da wayarsa da na'urarsa.

Talata, 14 ga Mayu

Barira, babbar 'yata, ta zo ta yi mini bayani a hankali. Wai ana zargin wani a labo ɗinsu, wato ɗakin bincike, yana sayar wa kamfanin wata ƙasa sirrin sabon iri mai jure fari. Leƙen asirin tattalin arziki suke kiran abin, laifi ne na gidan kaso. Na ce mutum nawa aka bincika? Ta ce baƙi uku, shi da 'yan Sin biyu. 'Yan ƙasa fa? Ta ce ba a taɓa wayar ko ɗaya ba.

Yaron da ko gyaɗar uwarsa ba ya ɗauka sai ya tambaya.

Juma'a, 24 ga Mayu

An sake shi ya koma gida, amma sun riƙe fasfo, kuma lauyarsa ta hana shi kiran mu. Gidanmu ya yi shiru.

Na tuna lokacin da yake lise, babbar sakandare, a Yamai. Kaset nake yi masa. In zauna a zaure da rikoda, in ba shi labarin akuyar da ta haihu da wanda ya mutu da yadda ruwa ya yi a ƙauyenmu Gouna, uwarsa ta leƙo ta ce ya riƙa cin abinci, sai a naɗe a ba direba. Direban bai taɓa sauraro ba, ko ya saurara me zai ji? Don yaron nan na shiga makarantar dare ina da furfura. Kunya ta kama ni ranar da ya kawo takardar lakwal, ta makarantar boko, na riƙe ta a juye. Malaminmu Mushe Mutari yakan ɗaga kayena, littafin rubutu, ya ce, "Inusa, wannan ba harafi ba ne, sawun kaza ne." Mu yi ta dariya, manya da mu, fitila tana hayaƙi. Allah ya jiƙansa. Shi ya ce in riƙa rubuta abin da ya dame ni.

Lahadi, 9 ga Yuni

Ashe muryata ce a dosiyen, takardun ƙarar.

Barira ta karanta mini abin da mai gabatar da ƙara ya riƙe. Na'ura suka ba saƙonninmu ta fassara. Ni na ce, "Ina labarin iri?" Shi ya ce, "Baba, ya kama. Kada a faɗa wa kowa tukuna. In ya yi ƙwari zan kawo maka gida." Ni kuma na ce, "Ka ɓoye shi daga idon mutane."

Na yi dariya har na yi tari, sannan dariyar ta tsaya. Yaya suke so uba ya tambayi ɗansa wannan abu? Da wane baki? Ubana bai taɓa faɗin kalmar a gabana ba. Da Salamatu take ɗauke da Barira cewa ya yi, "Na ga hadari ya haɗo a gidanka." Shi ke nan, na gane, na sunkuyar da kai.

Salamatu ta ce, "Kai da zagaye-zagayenka, tun ranar da ka zo zance wurina ban gane me kake so ba sai da inna ta fassara." Ta faɗa tana share ido.

Laraba, 26 ga Yuni

Yau na ba da shaida ta waya mai hoto a ɗakin Barira. Lauyar, farar mace mai gajeren gashi, da tafinta, wani Bahaushe mazaunin can. Na sa babbar rigata. Ta ce in faɗi me nake nufi da iri. Na ce ai tafinta ya sani. Ya ce, "Baba, na sani, amma dole daga bakinka zai fito, ana naɗa." Na ce zuriya. Ta ce in fayyace. Na ce abin da ake jira a gidan aure. Ta ce in fayyace.

Barira ta juya ta fuskanci bango. Na ce, "Matar ɗana tana da ciki." Ban san muryata za ta fito da ƙarfi haka ba. Tafintan ya sunkuyar da kai, ya ce, "Sannu Baba." Lauyar ta tambayi dalilin ɓoyewa. Na ce saboda ido. Aka daɗe ana yi mata bayanin ido.

Na hau kabu-kabu na koma Zango, hulata a hannu, ban lura ba sai da Gambo ya faɗa.

Alhamis, 11 ga Yuli

Raliya ta sauka! Mace! Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi.

Alhamis, 18 ga Yuli

Mun yanka rago a nan, su Mahamud suna can suna kallo ta waya. Maryama, sunan mahaifiyata. Ba zan iya kiranta da shi ba, Inna zan ce. Na ce wa Gambo ya zo ya ga uwata, ya duba hoton ya ce, "Hancinka ta ɗauko, Allah ya ba ta haƙuri." Na bi shi da sanda har bakin titi, yara suna ihu. Mahamud ya rame. Ya yi murmushi, ya yi godiya.

Talata, 20 ga Agusta

An janye ƙarar. Ba su ce sun yi kuskure ba, cewa suka yi hujja ba ta isa ba. An mayar masa da fasfo. Ɗakin ajiyar iri kuwa an karɓe masa makulli, an ba shi tebur a wani bene yana jera lambobi. Ɗaya daga 'yan Sin ɗin ya ajiye aiki ya tafi, ɗayan har yanzu yana gaban alƙali. Ban san sunansa ba, amma na sa shi a addu'a. Shi ma yana da tsoho a wani wuri.

Ni dai na yi sujada. Salamatu ta toya masa ta raba sadaka a unguwa.

Juma'a, 6 ga Satumba

Jiya na je Gouna. Hatsin ƙanena ya yi kyau irin wanda na daɗe ban gani ba, zangarniya kamar hannun ƙato. Duk hanya ina tsara yadda zan ba Mahamud labari.

Ya kira bayan masallaci, Inna a kafaɗarsa tana tsotsar hannu. Ya ce, "Baba, ya gona bana? Wanne kuka shuka?" Na buɗe baki. Na ce, "Mun gode Allah." Ya jira. Na ce ya lafiyar Raliya, ya lafiyar jaririya, kowa da sunansa a fili yadda na'ura ba za ta ruɗe ba. Ya ce, "Baba, ka yi mini hira mana irin ta da." Na ce ba na jin sa sosai.

Salamatu ta dube ni ta ci gaba da tankaɗe.

Rezon waya ne ba kyau yau. Gobe in ya gyaru zan gaya masa.