Kwalin da Na Sa wa Injin Oga

Yaya Haladu, salamu alaikum. Ya Inna, ya Mairo da yara? Ni lafiya lau, duk Legas ba bakanike kamata!

Jiya na mayar da bututun hayaƙin injin kwalekwalen ogana. Gasket, abin nan da ke toshe mahaɗar bututun, ya yage a hannuna, sai na yanko kwali na sa, yadda muke wa injin niƙan Barau a Ɗanzomo. Ashe a nan, da mai gyara ake fara shiga teku. Ran Asabar ne. Ni ko a kududdufi ban iya iyo ba.

Ba tsoro nake ji ba fa. Inna dai ta sa ni a addu'a, kar ka faɗa mata dalili. Don Allah tambayo min Barau, kwalin nan kwana nawa yake yi?

Ƙaninka,
Injiniya Anas