Jiƙaƙƙen Tantin Auta

Asabar, 9 ga Agusta

Kwana na uku a sansanin gasar sikawut, gobe za mu tashi. Ina rubutun nan a bayan tantinmu kafin a kira cin abinci.

Mu rukunin Damisa makinmu tamanin da ɗaya, rukunin Zomo tamanin da biyu. Zomo fa. Rukunin Auta, ƙanena, wanda bara war haka ko ƙullin igiya bai iya ba sai na riƙe masa yatsu. Bana aka ba shi shugabanci don duk cikinsu babu babba. Ni kuwa shekarata ta huɗu ke nan ina jan Damisa, kuma ita ce ta ƙarshe, baɗi shekaruna sun wuce. Ban taɓa kai tutar gasa gida ba. Na uku muka zo, sai na biyu, sai na biyu kuma.

Ɗazu a gasar hura wuta da ashana ɗaya Auta ya kunna tasu. Malam Usur, shugabanmu, wanda yabo ke yi wa wuyar fita, ya tara kowa ya ce a zo a ga yadda ake jera kirare. Ni na koya wa Auta jerin nan a bayan kicin, har Umma ta kore mu da tsintsiya. Bai faɗa ba. Ya tsaya yana ta washe baki.

Lahadi, 10 ga Agusta

Mun dawo gida. Jikina duk ciwo yake.

Da asuba aka yi ruwa, wajen ƙarfe tara rana ta fito, aka ce a tattara. Muka jera kafaɗa da kafaɗa muka taka filin daga wannan gefe zuwa wancan muna tsince shara, muka cike ramin wuta muka mayar da ciyawar da muka yanka a kansa, muka ƙirga turakun tanti. Wani sakarai a cikinmu ya bar murfin gwangwani a gindin bishiya, aka cire mana maki ɗaya. Yanzu Zomo tamanin da bakwai, mu tamanin da biyar.

Amma gasa ba ta ƙare ba. Saura maki biyar na tanti. Kowane rukuni zai tafi da nasa, ranar Asabar a kai siton sikawut, Malam ya buɗe ya duba, sannan a ba da tuta.

Ga abin da na gani, kuma nan kaɗai zan faɗa. Tantin tamfol yaudara gare shi: rana na bugun samansa sai ya bushe ƙayau, amma ɗinkin da leɓen da ke taɓa ƙasa suna riƙe da ruwa. Wanda ya daɗe a harkar ya sani. Auta ya shafa saman nasu da tafin hannu, ya ce wa yaransa ya bushe, suka nannaɗe shi tam suka cusa a jaka suka ja igiya. Taku uku ne tsakanina da shi. Na ga leɓen baƙi ƙirin da laima. Namu kuwa na sa Dogo, mataimakina, ya ninke shi sakwa-sakwa, yana isa gida ya shanya a katanga.

Na buɗe baki zan yi magana, wallahi na buɗe. Sai wani yaro ya ɗaga hannun Auta sama yana kiransa zakara, sai na rufe.

A mota Baba ya ce ashe zomo ya fi damisa gudu. Ya yi dariya, Auta ya yi, ni ma na yi tawa ta dole. Jakar tantin Auta tana bayan ƙofar ɗakinmu.

Litinin, 11 ga Agusta

Umma ta ba Auta cinyar kaza. Ta ce ai yaro ne. Ni fiffike.

Talata, 12 ga Agusta

Yau sau uku Auta ya ba da labarin ashana ɗayan nan: ga maƙwabcinmu tela, ga ƙanwar Umma a waya, ga mai kawo burodi, bawan Allahn da ko tambaya bai yi ba. Kowane karo iskar da aka yi ranar sai ta ƙara ƙarfi.

Baba ya buga ƙusa a bangon ɗakinmu, saitin gadon Auta, wai wurin rataye tuta. Shekara uku ina zuwa gasa bai taɓa neman guduma ba. Na ce ai ba a gama ba tukuna. Ya ce haka ne, amma dai. 

Ba ni na jiƙa tantin ba. Ba ni na naɗe shi ba. A littafinmu na sikawut shafi guda ne sukutum a kan shanya tanti, in Auta bai karanta ba laifin wa? Shugaba ne, ai ba shugaban labari kaɗai aka naɗa shi ba.

Laraba, 13 ga Agusta

Tantin ya fara wari. Kaɗan dai, irin na tsumman goge ƙasa da aka manta a bokiti. Umma ta leƙo ta ce wa ya ɓoye safa mai datti, ta buɗe taga ta fita. Auta ya shinshina takalmansa ya ce ba nasa ba ne.

Na faɗa wa Dogo. Ya yi tsalle ya ce shi ke nan tuta tamu ce, in yi gum da bakina, ai gasa ce ba zumunci ba. Na ji daɗi da ya faɗa. Da na dawo gida kuma na ji haushinsa, ban san dalili ba. Shi ba a ɗakin yake kwana ba.

Da yamma Auta ya zo da igiya ya ce in sake nuna masa ƙullin ceto, wai yana son ya koya wa yaransa daidai, kada ya koya musu shirme. Na nuna masa. Muna zaune a kan gadona, jakar tana gabanmu, ƙafarsa har tana taɓa ta.

Alhamis, 14 ga Agusta

Na faɗa wa Auta, amma ba yadda ya kamata ba. Na shigo na yi kamar yanzu na lura, na ce kai, wannan warin ba daga jakarka yake fitowa ba?

Muka fitar da tantin tsakar gida muka warware. Fumfuna ta bi ɗinkin tun daga sama har ƙasa, ɗigo-ɗigo baƙaƙe, leɓen kuwa har ya yi fari-fari. Auta ya tsuguna yana kallo. Bai yi kuka ba, da ma ya yi. Tambayata kawai ya yi: "Yaya, zai fita?"

Na ce mu gwada. Buroshi biyu, sabulu, ruwan ɗumi. Tun azahar muke dirza har rana ta faɗi, yatsuna duk sun saɓule. Fari-farin ya fita. Baƙin ya dushe, amma yana nan, ya riga ya shiga zare.

Da tun ranar Litinin na faɗa, da shanya kawai za a yi.

Juma'a, 15 ga Agusta

Tanti na kan igiya. Auta kowane rabin awa sai ya je ya juya shi.

Na ji shi a kicin yana ce wa Umma ba don hancin Yaya ba da tantin ya ruɓe gaba ɗaya, da sai dai a jefar. Umma ta ce Allah ya yi min albarka. Da rana ta zuba min nama biyu. Na ci, me zan ce?

Asabar, 16 ga Agusta

Sito, ƙarfe goma. Kowane rukuni ya shimfiɗa nasa a ƙasa. Malam Usur ya bi ɗinki ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa, ya kai hanci ya shinshina, kamar mai sayen kifi. Namu biyar cif. Da ya zo na Zomo ya daɗe a tsugune. Ya tambayi Auta kwana nawa tantin ya yi a jaka, Auta ya ce huɗu, bai ɓoye ba. Malam ya ce don ya faɗi gaskiya kuma an ga alamar wanki zai ba shi biyu, amma tabon nan ya zauna ke nan, duk wanda zai kwana a tantin nan gaba zai gan shi.

Damisa casa'in. Zomo tamanin da tara.

Dogo da sauran suka ɗaga ni sama. Malam ya miƙo min tuta, ya ce shekara huɗu ana haƙuri, yau ga ta. Na jira wannan maganar tun ina aji ɗaya. Ƙaramar aba ce ashe, ba ta kai tsawon hannuna ba, kuma gefenta ya fara zarewa.

Ɗaya daga cikin yaran Zomo, ɗan mitsitsin cikinsu, ya fashe da kuka. Auta ya dafa shi ya ce laifinsa ne shi kaɗai, baɗi za su gyara. Sannan ya zo ya ba ni hannu a gaban kowa.

A gida shi ya hau kujera ya rataye tutar a ƙusar da ke saitin gadonsa. Ya ce ƙusa dai ƙusa ce. Baba ya ce duk ɗaya ne, tuta ta shigo gida.

Lahadi, 17 ga Agusta

Da safe Auta yana goge takalmin makaranta a bakin ƙofa. Ban shirya ba, maganar fita kawai ta yi.

Na ce: "Tun a sansani na ga leɓen a jiƙe. Ina tsaye ka naɗe shi."

Ya ci gaba da gogewa. Can ya ce: "Ranar Laraba da na kawo maka igiya ma ka sani?"

Na ce e.

Ya gama ƙafa ɗaya, ya ɗauki ɗayar, ya gama, ya rufe gwangwanin man, ya tashi ya fita. Bai kai ƙara wurin Baba ba. Na so ya kai.

Talata, 19 ga Agusta

Na je wurin Malam Usur bayan makaranta, da tutar a jakata. Don dai gefen nan da ke zarewa, na ce ko a ɗinke. Ina can kuma maganar ta zo, na faɗa masa duka. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce maki ba zai canza ba, shanya tanti aikin Auta ne kuma bai yi ba, tuta ta Damisa ce, in ɗauki abata in tafi. Sauran maganar kuma, in ji shi, ba a sito ake gyara ta ba.

Na dawo da ita. Tana cikin jaka, ban rataye ba.

Auta yana min magana, ba gaba yake yi ba. Miƙo gishiri. Umma na kira. Kashe fanka. Sai dai tun ranar Lahadi bai ce min Yaya ba, ko sau ɗaya. Ba wai ƙirgawa nake yi ba.

Yau kwana uku.