Gwiwar Yaya Dogo

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Baba, ya su Goggo? Mu lafiya lau, sai kewar gida.

Inna, na yi ƙarya, kuma ban gaya wa kowa ba sai ke.

Tun da Yaya Dogo ya ji ciwo a gwiwa, ƙungiyarsu ta ƙwallon kwando take son musayarsa. Ran Talata shugabannin suka zo duba shi. Yana shiga wanka, ina zuba musu shayi, suka hau yi masa kuɗi kamar rago. Wani ya ce, "Har yanzu ya kai 'yan wasa uku." Kocin nan mai kiransa "ɗana" ya yi dariya: "Uku? Tsohuwar mota ce. In an ba mu ɗaya, mu gode Allah."

Sai ya juyo gare ni: "Ke mai kunya ba kya ƙarya. Yana ɗingishi a gida?"

Inna, kullum da safe ni nake ƙirga masa hawan bene, sau arba'in a guje. Ƙafar ta warke sarai. Amma na sunkuyar da kai na ce, "Sosai," don su ga ba shi da daraja su fasa musayar.

Jiya suka miƙa shi ga abokan hamayyarsu a kan yaro ɗaya. Yaya ko abinci bai ci ba, ni ma na kasa. Amma kada ki damu, kuma kada ki gaya masa.

Ki sa shi a addu'a, ki aiko mini da farin mayafina. Wata mai zuwa ƙungiyoyin biyu za su kara. Ni da nake ɓuya a kujerar baya, ranar a gaba zan zauna, daidai inda kocin zai gan ni.

Taki,
Auta