Inda Muryar Hamma Take Zaune

Asabar, 5 ga Agusta, 2023

Mun dawo da Hamma ruga daga asibitin Kano. Kakana, mutumin da ban taɓa ganin an riƙe masa hannu ba, yau ni da Kawu Surajo muka tallabo shi daga mota yana ta rinjaya hagu. Hannu da ƙafa duk suna motsi, shi ya sa mutanen Ba'awa da suka zo sannu suka ƙi yarda ciwon asibiti ne. Wai iska ce.

Da likita ya ji ina aji biyu a karatun likitanci, sai ya ja ni gefe. Jijiyar jini ce ta toshe a can ƙasan tushen ƙwaƙwalwa, ɓangaren hagu. An cire robar hanci, amma abinci mai kauri kawai, kuma a zaune. Abu mai ruwa-ruwa ba yanzu ba, don in ya ƙware huhu zai tafi. Ya ce, "Bushira, ke ce idonmu a gida." Ni da ko jarrabawar wannan wurin ban rubuta ba.

Litinin, 7 ga Agusta

Na buɗe littafi a gindin ɗorawa. Tushen ƙwaƙwalwa bai fi babban yatsan namiji da yawa ba, amma hawa uku ne: na sama, na tsakiya da ake ce wa fons, sai na ƙasa, medula, wanda ya zarce ya zama laka. Cikin jijiyoyin kai goma sha biyu, goma daga nan suke fitowa, kowacce da ɗan gidanta a ciki. Na sama su juya ido, na tsakiya tauna da motsin fuska, na ƙasa harshe da maƙogwaro.

A makaranta haddacewa nake yi don in haye. Yau ina karantawa, ina ɗaga kai ina ganin abin a kan tabarma. Fatar idon hagu ta ɗan sauko, shaƙuwa ta ƙi barinsa, in ya juya kai sai jiri. Na ɗora masa kofi mai ɗumi a kumatun hagu, bai ji ɗumin ba. Sai ya ce, "Likita, kin gama gwaji da ni?"

Da raɗa ya faɗa. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Laraba, 9 ga Agusta

Ashe gida ɗaya ne yake riƙe da murya da haɗiya. Wani ɗan gungu ne cikin medula, ambiguwas, shi yake aika jijiya ta tara da ta goma zuwa maƙogwaro. Duk muryar Hamma a nan take zaune, wurin da bai kai kan ashana ba a faɗi.

Muryar da in muka sauka Tiga da rani, zai tsaya a bakin dam ya sake ta, shanun da ke can tsallaken fadama su ɗago kai. Masunta har tsiya suke yi masa wai yana korar musu kifi. Shekarar da zan gama firamare aka haifi Wule, maraƙa mai farin goshi, ya ce tawa ce. Shi ya koya mini kiranta: "Wuuleee, war, war!" In na yi sai ya riƙe ciki da dariya, wai ɗan akuya ne ya maƙale a shinge. Daga nan Inna Tasalla, kakata, ta tatsa, ya kafa kai a ƙoƙo da kumfar da ɗuminta, ya rage mini. Ban san wata safiya da ta fi waɗannan daɗi ba.

Kawu Surajo ya wuce da garke wajen Doguwa, gonaki sun rufe ko'ina a nan. Wule da maraƙinta kawai ya bari.

Juma'a, 11 ga Agusta

Ya ture kunun. Na dama shi da kauri har ludayi yana tsayawa, ya ce shi ba jariri ba ne. Madara yake so, mai ɗumi. Na ce a'a. Inna Tasalla ta dube ni kamar ba ita ta goya ni ba.

"Tun kafin a haifi uwarki nake ba shi madara da safe."

Na sani, Inna. Wallahi na sani.

Lahadi, 13 ga Agusta

Na je rijiya na dawo, tun daga nesa na jiyo tarin. Inna ta ba shi. Madara har ta hanci, idanu sun firfito, leɓensa ya yi duhu. Na kifa shi ina bubbuga bayansa, ina yi wa Inna ihu, ni Bushira. Da numfashinsa ya daidaita ta ce a hankali, "Da ido ya roƙe ni."

Ban iya cin abinci ba yau.

Litinin, 14 ga Agusta

Zazzaɓi. Ƙirjinsa yana ƙugi.

Alhamis, 17 ga Agusta

Mun kai shi asibitin Kiru, an yi allurai, zazzaɓin ya sauka. Amma yanzu Inna ko ludayi tsoron ɗauka take yi, shi kuma ya juya wa kowa baya. Zoben azurfarsa zamewa yake yi daga yatsa. In bai ci ba robar hanci za a mayar, ya kuma nuna mini da hannu cewa gara a bar shi ya tafi.

Wule ma ta burkice. Ta shure ƙwaryar Inna, ta koma can bakin gona ta tsaya. Ɗazu Hamma ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya cika ƙirji zai kira ta. Iska ce kawai ta fito. Wule ko kunne ba ta kaɗa ba, kuma ya gani.

Asabar, 19 ga Agusta

Na gaji da cewa a'a. Na samo kara na zana masa a ƙasa: hanya biyu, ta ciki da ta huhu, da ƙyaure a bakin ta huhu. Na ce mai rufe ƙyauren nan a ƙeyarsa yake, kuma rabinsa ya kwanta ciwo, ba ya sauri. Madara tana rigansa wucewa. Mai kauri kuwa takan jira shi.

Ya daɗe yana kallon zanen. Inna ma ta matso.

Na ce, "Kindirmo fa, Hamma? Ai madara ce, kwana kawai ta yi."

Ya yatsine fuska, wai na kasuwa ne, na masu talla. Can sai ya jawo kunnena. "In na Wule ne."

To ga ta can, ta ƙi kowa.

Lahadi, 20 ga Agusta

Da hantsi na tsaya inda yake tsayawa. Rabona da kiran nan tun kafin in tafi makarantar kwana. Na farko ɗan akuyan nan ne ya fito, matan maƙwabta har da tafi. Na waiwaya, Hamma yana zaune a bakin bukka yana buga cikinsa da tafin hannu: daga nan, ba daga wuya ba.

Na sake. Na kuma sakewa.

Ta ɗago kai. Ta dube ni, ta dubi bukka, ta taho a hankali kamar ba ta so. Ni ta wuce, wurinsa ta tafi, ya ɗora hannu a farin goshin. Na riƙe maraƙi, Inna ta tatsa. Ta dafa, ta bari ta huce, ta ɗiga tsohon nono, ta rufe da faifai.

Litinin, 21 ga Agusta

Na zaunar da shi sosai, haɓa a ƙasa, fuska ta juya hagu. Rabin ludayi. Na sa yatsuna a maƙogwaronsa, na ji ya hau, ya sauko. Muka jira, ni da Inna ko numfashin kirki ba ma yi. Ba tari.

Ya shanye ƙoƙon. Ya lashe baki ya ce, "Ya yi tsami." Inna ta ce ƙarya yake yi, ta tashi ta zaga bayan bukka, ta daɗe ba ta dawo ba.

Lahadi, 10 ga Satumba

Gobe zan koma makaranta. Zoben ya daina zamewa. Har fura yake sha yanzu, in an dama ta da kauri.

Yau ba ni na kira Wule ba. Inna ce, tana rufe baki da gefen zane don kunya, wai ita a shekarunta. Ashe duk zaman nan tana da shi a kunne. Wule ta zo. Hamma yana motsa leɓe tare da Inna, ban ce na gani ba.

Da nake haɗa kaya ya ce in nuna masa inda na ce muryarsa take zaune. Na sa yatsa a ƙeyarsa, ƙarƙashin hula, daidai inda kai ya haɗu da wuya. Littafi ya ce wasu takan dawo musu bayan watanni. Kullum sai na gaya masa haka. Na buɗe baki, sai ya riƙe yatsan nawa a wurin.

"Bar ta ta huta, Likita. Kun ɗebi abin da zai ishe ku."

Ban karanta masa littafin ba yau. Na dai bar yatsan har ya saki.